Shin ƙuri'ata tana canza wani abu? Amsa ga wani matashi daga Tudun Wada

Wani matashi, tela a Tudun Wadan Zariya, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, tun 2015 nake fita zaɓe. Na sha rana a layi, na tsaya har aka ƙirga. Yau ga tsadar abinci, lungunmu har gobe ruwan 'yan ga-ruwa muke saye, kwalbatin da ta karye ba wanda ya waiwaye ta. Abokaina sun ce in an zo rabon kuɗi in karɓa, in ba a zo ba in yi kwanciyata a gida. Wane dalili ne zai sa in sake fita?"

Ƙanena, gajiyar da ka yi tana da dalili, kuma ba kai kaɗai ba ne. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista ne aka ce sun fita. A 2015 abin ya sauko wajen kashi 44, a 2019 wajen kashi 35, a 2023 kuwa kashi 27 ne kacal. Mutum sama da miliyan 93 ke cikin rajista a shekarar, waɗanda suka fita ba su wuce miliyan 25 da 'yan kai ba, kuma wanda ya ci ya ci ne da ƙuri'a miliyan 8.79. Wato a cikin kowane mutum goma masu rajista, ko ɗaya bai cika ba wanda ya zaɓi shugaban da ke mulkin mu duka. Shawarar abokanka ke nan, mutane miliyan 68 sun riga sun bi ta, kuma ba mu ga ta sauko da farashin masara ba.

Ka fara tambayar kanka wa ke amfana in ka kwanta. Ɗauki rumfa mai mutum 700 a rajista. In mutum 150 suka fito, mai sayen ƙuri'a yana bukatar 80 ne kawai ya kwashe akwatin, kuma mutum 80 ana iya sanin su da suna, a bi su gida-gida daren jajibere. In mutum 500 suka fito, sai ya nemi sama da 250, kuɗin ya ninka sau uku, sirrin kuma ya fasu. 'Yan siyasa sun san wannan lissafi fiye da ni da kai. Shi ya sa ba za ka taɓa jin wanda ke da tabbacin akwatinsa yana damuwa da ƙarancin fitowar jama'a a unguwar da ba ta yi da shi ba.

Ga misali a gida. A zaɓen gwamnan Kaduna na Maris 2023, Uba Sani na APC ya samu ƙuri'a 730,002, Isa Ashiru na PDP ya samu 719,196. Tazarar 10,806 ce, a jihar da ke da masu rajista sama da miliyan 4.3 da rumfunan zaɓe 8,012. Raba ka gani: bai kai ƙuri'a biyu a kowace rumfa ba. Ko wanne daga cikinsu kake so, mutum biyu daga kowane layi da suka ce "bari in je in dawo" ba su dawo ba, sun isa su juya sakamakon. Kai da yaron shagonka kun kai biyu.

Sannan wannan katin da ke aljihunka ba kyauta aka ba kakanninmu ba. A zaɓen 1951 talakan Arewa ba ya zaɓen ɗan majalisa kai tsaye. Hawa-hawa ake yi, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma En'e, hukumar mulkin sarakuna ta lokacin, na da ikon cusa nata mutane a tsakiyar tafiya. Da haka 'yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, suka ci matakin farko a birnin Kano amma ba su kai majalisa ba. Sai a 1959 mazan Arewa suka jefa ƙuri'a kai tsaye a zaɓen tarayya, mata kuwa aka ce su zauna a gida, alhali matan Kudu sun jefa tasu. Hajiya Gambo Sawaba, wadda asibitin Ƙofar Gayan ke ɗauke da sunanta, ta shiga NEPU tana 'yar shekara 17 a nan Zariya. An yi mata duka, an kore ta daga Kano, an ɗaure ta sau 16, kuma cikin abin da take nema har da a bar mace ta zaɓi wanda zai mulke ta. Matan Arewa ba su samu wannan dama ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan babban zaɓen 1979. Akwai tsofaffi a cikin Birni da Sabon Gari da suka yi aure suka haihu kafin doka ta yarda su riƙe takardar ƙuri'a.

Amma ba zan ce ka fita don kunyar magabata ba, tarihi ba ya gyara kwalbati. Abin da nake so ka gane shi ne matsalolin nan uku da ka lissafa ba ofishi ɗaya ke riƙe da su ba, mu kuwa mun saba zuba dukan zuciyarmu a kan akwati ɗaya. Tsadar abinci tana da alaƙa da manufofin tarayya, irin cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin darajar naira da ya biyo baya, da kuma rashin tsaron da ya hana noma a Giwa da Birnin Gwari da makamantansu. Ruwan famfo aikin gwamnatin jiha ne. Kwalbati da magudanan ruwa da titunan unguwa da kwashe shara da kasuwanni da tashoshin mota, tsarin mulkin 1999 ya jera su a jadawali na huɗu a matsayin aikin ƙaramar hukuma. Yanzu ka tambayi kanka tsakani da Allah: ka san sunan kansilan gundumarka? Ka san wanda ke wakiltarka a majalisar jiha? Ƙaramar hukumar Zariya tana da kujeru biyu a can, Birni da Kewaye, Sabon Gari ma biyu, Sabon Gari da Basawa. Na sha yin wannan tambaya a zauren taron matasa, kuma waɗanda ke iya kawo sunan ɗan takarar shugaban ƙasa da mataimakinsa da shugaban jam'iyyarsa kan yi shiru in aka zo kan kansila.

Tsohuwar jihar Kaduna ta koya mana abu biyu a lokaci guda. A 1979 talakawa suka zaɓi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP gwamna, shi kuma ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Wanda ya taɓa ganin dattijo ya kwana a daji don gudun mai karɓar haraji ba zai ce ƙuri'a ba ta canza komai ba. To amma majalisar jihar tana hannun NPN da rinjaye mai yawa. Ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa, ya yi mulki ba kwamishina, duk da yana da irin su Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello a matsayin sakataren gwamnati. Ranar 23 ga Yuni 1981 majalisar ta tsige shi, ya zama gwamnan farko da aka yi wa haka a Najeriya. Wasu kan ce darasin shi ne a yi sak, a dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa. Ni ban yarda ba. Mun gwada sak a 2015, kuma ta shigar da mutane da yawa majalisa waɗanda ba wanda ya tambaye su me suka iya, hoton wani kawai suka rataya. Darasin shi ne majalisa tana da haƙora. Ita ke amincewa da kasafi, ita ke ba da izinin cin bashi, ita ke tantance kwamishina, ita ke iya kiran shugaban hukumar ruwa ta tambaye shi ina kuɗin da aka ware. Wanda za ka tura can ya zama mai iya karanta kasafi, mai iya buɗe baki ko gwamnan na jam'iyyarsa ne.

Akwai kuma zaɓen da ake gamawa kafin a kira ka. A Najeriya ba a tsayawa takara sai jam'iyya ta tsayar da mutum. Ranar da ka isa rumfa, sunayen da ke gabanka an riga an tace su a zaɓen fidda gwani, inda a zaɓukan da suka gabata galibi 'yan daliget ƙalilan ko masalahar manya suka yanke hukunci. Su kuma shugabannin jam'iyya na gunduma, waɗanda komai ke bi ta hannunsu, ana fitar da su ne a taron da sau da yawa ba ya cika aji ɗaya na firamare. Gundumomin Zariya 13 ne: Kwarbai A da B, Kaura, Limancin Kona, Unguwar Juma, Unguwar Fatika, Tudun Wada, Gyallesu, Tukur-Tukur, Dambo, Wuciciri, Dutsen Abba da Kufena. A kowacce, matasa talatin masu sana'ar kansu, waɗanda ba su jiran ɗan siyasa ya ba su na cefane, in suka yanki katin jam'iyya suka riƙa halartar taro, sai an yi da su. Gyaran tsarin mulkin da aka sa wa hannu ranar 31 ga Mayu 2018 ya sauko da shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Ƙofar ta buɗe a takarda, kuɗin fom da siyasar ubangida ne suka tsaya a bakinta, kuma waɗannan ba sa kaucewa sai da taron mutane. Ban ce kowa ya zama ɗan jam'iyya ba, amma unguwar da ba ta da ko mutum ɗaya mai mutunci a cikin ɗakin da ake yanke wa zai tsaya, za ta yi ta zaɓe tsakanin mutum biyu da ba ta so.

Batun kuɗi kuwa, ina so in yi maka magana a fili. Ba na zagin uwar marayu da ta karɓi taliya da sabulu, yunwa ba ta jin wa'azi. Amma kai mai sana'a ne, ka ji yadda abin yake. Doka ta ɗauki mai bayarwa da mai karɓa duka masu laifi. Maganar nan da ake yi ta "karɓi kuɗinsu ka zaɓi ra'ayinka" tana da daɗin ji, sai dai masu rabon ba yara ba ne. Sukan tsayar da mutum inda zai hango yatsanka, ko a ce ka ɗaga takardar kaɗan kafin ka naɗe, a ba ka 'yar alama ka kai wani zaure a biya ka. Dalilin da ya sa hukumar zaɓe ta hana shiga wurin dangwale da waya ke nan. Babbar asarar ma ba a nan take ba. Kowane ɗan siyasa yana riƙe da lissafin rumfuna, ya san wadda ya saya da wadda ta zaɓe shi don ta yarda da shi. Wadda ya saya, a wurinsa ciniki ya ƙare ran zaɓe, ba ya jin ana bin sa bashi. In kuka je da kukan kwalbati, ko bai faɗa ba yaransa za su faɗa: ai an sallame ku. Kuma duk lokacin da farashin ƙuri'a ya hau, malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya mai gaskiya da ke son tsayawa kansila sai ta janye, filin ya rage wa masu jaka.

Idan ka yanke shawarar fita, to ka fita da ido. Ana buɗe rumfa ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi 2:30 na rana, kuma duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya jefa. Na'urar BVAS za ta tantance ka da yatsa ko da fuska. In aka miƙo maka takarda, juya bayanta ka ga hatimi da sa hannu da kwanan wata. Kar ka raina wannan: a shari'ar gwamnan Kano, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'a 165,663 a kan rashin waɗannan, sai da Kotun Ƙoli ta mayar da su a Janairun 2024. Dangwala a cikin gida ɗaya, ka bar tawadar ta sha iska, ka naɗe yadda ba za ta shafi wani gidan ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ƙuri'a 939,278 ne suka lalace, na mutanen da suka sha rana kamar kowa. Ka koya wa iyaye mata na gidanku wannan tun kafin ranar.

Bayan an gama, a gaban jama'a ake juye akwati. Jami'in rumfa, wanda galibi ɗan bautar ƙasa ne, zai ware takardun jam'iyya-jam'iyya, ya ɗaga kowacce ana ƙirgawa da ƙarfi, mutane na amsawa. Sai ya cika fom EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, ejan-ejan na jam'iyyu su sa hannu a ba kowa kwafi, a ɗauki hoton fom ɗin da BVAS, a manna sakamakon a bango. Lambobi biyu za ka riƙe: adadin waɗanda na'ura ta tantance, da jimillar ƙuri'un da aka jefa. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce in na biyun ya haura na farko, an yi aringizo, a soke rumfar. Ɗauki hoton abin da aka manna. A 2023 sakamakon shugaban ƙasa bai hau IReV, shafin intanet na hukumar zaɓe da ake ɗora sakamakon rumfuna, a kan lokaci ba kamar yadda aka yi alkawari, kuma wannan ya karya gwiwar mutane da yawa, da gaskiyarsu. Kotun Ƙoli ma a shari'ar zaɓen 2023 ta ce shafin na kallo ne, tattara sakamako da takarda ake yi. To ashe takardar ce abin tsaro, kuma inda aka fi taɓa ta shi ne tsakanin rumfa da cibiyar tattarawa ta gunduma, da dare, bayan kowa ya gaji ya watse. Nan ne kalmar "a raka" ta cikin "a kasa, a tsare, a raka" take da ma'ana. Rakiya kuwa da ido da hoto da haƙuri ake yin ta. Rikicin bayan zaɓen 2011 ya ci rayuka sama da 800 a Arewa, jihar Kaduna ce ta fi jin jiki, Zariya ma ba ta tsira ba, kuma bai sauya ko lamba ɗaya a sakamakon ba. 'Ya'yan talakawa aka binne.

Kujera kuwa tana kuɓucewa mai ita, mun gani. A 2015 shugaba mai ci ya faɗi, karo na farko a tarihin ƙasar. A 2023 gwamna mai ci ya faɗi a Zamfara, gwamnoni da dama sun nemi Majalisar Dattawa sun rasa, kuma mafi yawan 'yan majalisar wakilai ba su koma ba. Za ka ce an canza mutane amma ba a canza hali ba, kuma a wurare da yawa haka ne. Dalilin shi ne mukan sallami wanda muka zaɓa ranar rantsuwa, ba mu sake neman sa sai ya dawo neman mu.

Kiranye, wato masu zaɓe su dawo da ɗan majalisa gida kafin wa'adinsa ya cika, yana cikin tsarin mulki, sashe na 69 ga 'yan majalisar tarayya, na 110 ga na jiha, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, an tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Wanda aka gwada a kan Sanata Dino Melaye ya mutu a 2018 da kashi biyar da 'yan kai na sa hannun da aka tabbatar, kuma har yau ba a taɓa dawo da kowa gida ta wannan hanya ba. Kar ku ɓata ƙarfinku a nan. Abin da ke aiki ƙanana ne masu naci. Kasafin jihar Kaduna ana wallafa shi a intanet, ana iya duba ko aikin unguwarku na ciki da nawa aka ware masa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa takardar neman bayani. Makarantun firamare na gwamnati suna da kwamitin iyaye da al'umma, asibitocin gunduma suna da kwamitin ci gaban gunduma, kuma kujerun nan sau da yawa ba mai nema. Shirye-shiryen rediyo na kiran waya suna da tasirin da mutane ba su zato, domin ba ciyaman ɗin da ke son a ambaci sunan lungu ɗaya mako uku a jere.

Ƙaramar hukuma ita ce ta fi kusa da kai, kuma zaɓenta ne ya fi rauni, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi, gwamna ke naɗa shugabanninta. Kaduna ta gwada na'urar zaɓe a 2018 da 2021, 'yan adawa suka ci wasu kujeru. A Oktoban 2024 aka koma takarda, jam'iyya mai mulki ta kwashe ciyamomi 23 da kansiloli 255 gaba ɗaya, kamar yadda ake yi a kusan kowace jiha ko wace jam'iyya ke mulki. Ni ina cikin masu ganin ya kamata a cire wannan zaɓe daga hannun gwamnoni, kuma duk mai neman majalisar tarayya ko ta jiha da ya zo gabanku ku tambaye shi matsayinsa a kai, domin su ne masu gyara tsarin mulki. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi a ba su kai tsaye, kuma kantomomin riƙo haramtattu ne. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, amma hukuncin ya ba ku hujjar tambayar ciyaman nawa ya shigo wata nan, tunda ana wallafa rabon kowane wata.

Game da kwalbatinku, ga yadda zan yi in ni ne. Ku teloli kuna da ƙungiya, masu shagunan layin ma haka. Ku je wurin mai unguwa da limami ku sa su a gaba. A rubuta takarda shafi ɗaya, da hoton wurin lokacin damina, da sa hannun magidanta da lambar rumfar zaɓenku a sama, don mai karantawa ya san ƙuri'a nawa ke magana. A kai wa kansila, a kai ofishin ciyaman, a kai ofishin ɗan majalisar jiha, kuma kowane wuri a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Bayan wata ɗaya a koma, mutum biyar ba mutum ɗaya ba. In lokacin kamfe ya zo suka shigo neman ƙuri'a, a fito da kwafin mai hatimi a zauren mai unguwa a karanta a gabansu, a tambayi wanda ke kan kujera me ya yi, a tambayi mai nema yaushe zai yi, a rubuta amsar.

Kafin nan, duba katinka. In ka tashi daga inda ka yi rajista, ko katin ya ɓace ko ya lalace, ana neman sauyin rumfa ko sabon kati a ofishin INEC na ƙaramar hukuma ko ta shafinsu idan an buɗe rajista, kuma ana rufewa watanni kafin zaɓe. Yaran shagonka da suka cika 18 ka ba su rabin yini su je su yi, ka kuma bi su su karɓo katin in ya fito, domin rajista ba kati ba ta kai mutum rumfa.